Tabarmar Bayan Kabad

Aji uku aka ba ni a shekarar, a wata firamare da ke cikin lungunan Mandawari. Yara sun yi wa bencina yawa, biyar-biyar suke matsuwa, gwiwar hannu kaɗai ta isa ta tayar da dambe. A cikinsu akwai wata siririyar yarinya da uwarta ta rasu wajen haihuwa, kakarta ke riƙonta. In ranta ya ɓaci ba ta kuka. Ko ta jefi yaro da takalmi, ko ta kafa haƙori a bayan hannunta har sai jini ya fito. Hedimasta ya ce mini ta ƙara jifa ɗaya zai sallame ta. Ni kuwa burina ta kai aji shida, don kanta yana ja.

Sai na janyo kabad ɗin littattafai daga jikin bango, na samu ɗan lungu mai ɗaukar mutum ɗaya. Na kawo tabarma daga gida, da 'yar randa da moɗa, na rataya wani tsohon farin zanena ya zama labule. Na ce wa yara duk wanda ya ji zuciya ta taso masa ya shiga, ba sai ya nemi izini ba, ya zauna, ya sha ruwa, ya wanke fuska. Ai abin da aka koya mana ke nan tun muna Islamiyya, ban ƙirƙiro komai ba.

Wallahi ya yi aiki. Sai in ga ta miƙe tana huci, ta shige bayan kabad, in ji ƙarar moɗa, can ta fito ta ɗauki fensirinta. Wata biyu ba ta jefi kowa ba, hannun ma ya fara warkewa.

Matsalar ɗaya, tagar wajen a kan kwata take, da rana wari ya addabi mutum. Na zo da kasko da garwashi ina ɗan zuba turaren wuta. Kai, ni da aka haifa a Koki, ina hankalina ya tafi? Farin ƙyalle, turare, tabarma, ga marainiya mai cizon kanta. Yara suka kai gida cewa Malama ta yi wa wance ɗakin aljanu. Kafin sati ya zagayo maganar ta gama gidajen suna.

Ranar Litinin kakar ta faɗo ajin ko sallama babu.

“Malama, me muka yi miki?”

“Hajiya, ki zauna in yi miki bayani.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Uwarta ta mutu, ke kuma sunanta za ki kashe? Ko famfo ta je ɗiban ruwa yara watsewa suke, wai mai iska ce!”

Hedimasta ya jiyo hayaniya ya shigo. Ya ɗaga labulen, ya riƙe haɓa, ya ce, “Subhanallahi! Ni ma ban san da wannan ba, Hajiya.” Ƙarya yake! Mutumin nan kullum bayan tara sai ya zo ya sha ruwan randar nan, har yana cewa ya fi na firji. Ya sa ni na kwashe komai a take. Ina naɗe tabarmar yarinyar na kallona, haƙorinta a hannunta. Kakar ta ja ta suka fita. Ba ta sake dawowa ba. Sau biyu ina zuwa gidansu, ana ce mini Hajiya tana barci.

Bayan shekara biyu hedimasta ya dawo daga wani taron bita da takarda a hannu, wai kowane aji sai an ware wajen da yaro zai huce. A gaban malamai ya dube ni yana dariya, ya ce, “Malama, ke da kika iya, sai ki nuna musu.” Na ce masa ya nemi wata.

Bara na gamu da ita wajen Ƙofar Na'isa, ta girma, tana ɗauke da robar niƙa a ka. Ta rusuna ta gaishe ni. Na tambaye ta makaranta, ta ce tun ranar ba a mayar da ita ba. Hannun da ta dafe robar da shi duk tabo ne, har da sabon ciwo a tsakiya.

“Malama, randar nan tana nan kuwa?”

Na ce tana ɗakina.

Ta ce, “Ruwanta akwai sanyi.” Ta gyara kayanta ta wuce.