Jirgin da Bai Ya da Zango a Sudan Ba

Tanimun manomin wake ne a Tsarnawa. Da ƙuruciyarsa ya tafi Makka a ƙafa tare da matarsa Takama, suna ƙwadago gari-gari, damina ta riske su, ta wuce ta bar su a hanya. A wani ƙauyen Sudan zazzaɓi ya ɗauke ta. Ya rufe ta a gindin aduwa, ya ƙarasa shi kaɗai.

Da ya tsufa, ɗan ƙanensa Labo, ma'aikacin siminti a Malbaza, ya samo musu kujerar jirgi daga Yamai zuwa Jidda. Tsohon ya yarda ne don ya sake tsayawa a kabarin nan, domin a saninsa kowace tafiya tana da zango.

Da suka jima a sama, sai ya taɓa Labo. "Kai, gaya wa direba in an kai Sudan ya tsaya, ba zan daɗe ba."

"Baba, ai mun wuce ta tun kana gyangyaɗi. Ga teku can."

Tanimun ya waiga baya, bai ga komai ba sai kujeru da kawunan mutane. A zaune ya ɗaga hannuwansa, ya yi wa Takama addu'a, jirgi yana ta nisa da shi.