Giwayen Wilf Garside da Kek ɗin Kakata

A bakin kakata Mavis na fara jin sunan Wilf Garside, kuma ba da alheri ba. Ina 'yar ƙarama a lokacin, ana kai ni gidansu ran Asabar idan mahaifiyata tana wurin aiki. Da yamma ta yi sai kaka ta leƙa taga, ta dubi abincin da ke hucewa a kan tebur, ta ce Garside ya sake riƙe mata miji. Ba ta taɓa ce masa Wilf ba, balle Mista Garside. Garside kawai, da irin muryar da take ambaton ruwan sama idan ta shanya kaya. Na daɗe ina zaton wani ƙaton mugu ne. Ranar da na fara ganinsa sai ga ɗan siririn dattijo da hular ulu, rungume da gwangwanin biskit kamar jariri, yana ta goge takalmi a bakin ƙofa don tsoron kakata.

Giwaye ne a cikin gwangwanin, na dalma, kowace ba ta wuce babban yatsa ba, an naɗe su da auduga.

A nan Halifax ta Ingila aka haifi Baba Wilf, a nan ya tuƙa bas har ya yi ritaya, kullum hawa tudu da gangara. A cikin bas ɗin ma suka san juna da kakana Len. Wata rana yana duba kujeru bayan fasinja sun sauka ya tsinci ɗan sojan Rumawa guda na dalma, da jar garkuwa, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Ya sa shi a aljihu. Daga ranar duk wanda ya miƙo kuɗin mota sai ya dubi yatsunsa, har ya ga wani mutum da jan fenti a ƙarƙashin farce. Ya ciro sojan ya ajiye masa a tafin hannu tare da canji, ya ce masa idon sojan ɗaya ya fi ɗaya girma. Mutumin nan kakana ne, kuma ya ce tun daga wannan rana Baba Wilf bai daina kushe masa aiki ba.

Kakana yana da rundunar Rumawa, Baba Wilf yana da ta Kartaj, tsohuwar abokiyar gabar Rum, mai giwaye. Kowace Asabar su kwashi akwatunansu su tafi zauren coci, inda masu wasan yaƙi da 'yan sojojin dalma ke haɗuwa, su shimfiɗa koren ƙyalle, su jera dakaru da mahaya da 'yan baka, su fito da tef ɗin awo da dayis irin na lido. Sai kuma littafin ƙa'idoji. Littafin nan ya yi kaurin bulo, kuma Baba Wilf ya haddace shi kamar sunayen tashoshin bas. Kafin 'yan baka su saki kibiya sau ɗaya sai an auna nisa, an duba irin sulken da za ta faɗa wa, an buɗe jadawali, an ƙirga matattu, sannan a sake wani lissafi don a san ko waɗanda suka rage sun tsorata. Idan sarkin yaƙi ya ba da umarni, sai an jira ɗan aikensa ya isa. Baba Wilf yana jin daɗin wannan fiye da yaƙin kansa. Yakan ce yaƙin da ba lissafi a ciki wasan yara ne.

Abin da ya sa kenan shekaru kusan talatin ba su taɓa gama yaƙi ko ɗaya ba. Daidai lokacin da rundunonin biyu suka gwabza sai matar da ke riƙe da makullin zauren ta shigo tana kaɗa makullai, masu koyon rawa na jira a waje. Su tattara kaya, su tsaya a shagon soyayyen kifi da dankali, su yi ta musun wa zai ci da an bar su. Kakana ya rantse ya kusa kewaye shi ta hagu, Baba Wilf ya ce ai giwayensa ba su ma fara motsi ba. Kowa ya koma gida da nasara. Abincin kakata ne kawai ke shan kaye.

Na gama sakandare, ina aiki a kantin magani, sai kakana ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, amma hannun hagu bai dawo daidai ba, ya zama mai saurin gajiya, lambobi kuma idan suka yi yawa sai su riƙa yi masa iyo a ido. Da ya ɗan ji sauƙi Baba Wilf ya kawo Kartajawansa gida, aka jera a teburin cin abinci. Ina wurin. Aka zo lissafin kibiyoyin farko, kakana ya ɗora yatsa a kan jadawali, layin ya ɓace masa, ya sake nema, ya sake ɓacewa. Ya ture kujera ya hau sama. Washegari ya ce in ɗauki hotunan Rumawan da wayata in sa su a kasuwa, wani mai lafiya ya saya.

Na san idan Rumawan nan suka fita daga gidan, kakana ba zai sake samun dalilin saka takalmi ran Asabar ba. Na ce masa hasken bai yi kyau ba, sai rana ta fito, wanda a garinmu alkawari ne mai nisa. Na tafi na faɗa wa Baba Wilf.

Bayan 'yan kwanaki, ranar da mahaifiyata ta kai kakana asibiti wajen motsa jiki, sai ga shi da wasu siraran littattafai da ya aro wajen matasan zauren, yana riƙe da su da yatsu biyu kamar ya tsinto a kwata. Ya ce ƙa'idoji ne na masu gaggawa, zai gwada su, amma yana bukatar abokin karawa wanda bai san komai ba kuma ba shi da haƙuri. Yana faɗin haka yana kallon kakata.

"Garside, a gidana kake zagina?"

Ya ce yabo ne. Ta ce to ga sharaɗinta: za ta sa kek a murhun gashi, da ya gasu za ta tashi, ko da Rum na cin wuta.

Littafin farko ya rubuta a bangonsa cewa mai sauƙi ne, amma sai da kati, da 'yan alamomi masu launi, da wani allo na daban. Kek ya gasu rundunonin ba su ko hangi juna da kyau ba. Muka ci kek. Na biyu, a mako na gaba, ya wuce gona da iri wajen sauri: a jefa dayis, mai babbar lamba ya kwashe na ɗan'uwansa, shi ke nan. Giwa da mai majajjawa duk ƙarfinsu ɗaya. Kakata ta ci Baba Wilf da yaƙi tun ƙullin bai tashi ba, ta ce ita kanta ta ji kamar an cuce ta. Baba Wilf ya lallashi giwayensa ya mai da su cikin auduga.

Na uku 'yan shafuka ne kawai. Kowace runduna ba ta wuce rukuni goma ba. Ka jefa dayis, lambar da ta fito ita ce yawan rukunin da za ka iya motsawa, don haka kullum kana son yin abu biyar amma an ba ka biyu. Masu masu suna tsayar da doki, doki yana tarwatsa 'yan baka, giwa tana tattake kusan kowa, sai dai idan ta firgita ta juya kan nata. Duk abin da ake bukata ya shiga fuska ɗaya ta kati guda, da manyan baƙaƙe. Baba Wilf yana karantawa yana tsaki. Kakata ta saurara sau ɗaya, ta tambayi abu biyu, ta fara tura mahayan kakana ta bayan wani tudu da muka yi da kwano a ƙarƙashin ƙyalle.

Ni na fara jin ƙauri. Na ce kaka, kek. Ta ce in bari, saura kaɗan ta kama shi ta baya. Sai da hayaƙi ya fara fitowa ta tashi, tana tafiya tana waiwaye kada ya taɓa mata soja. A duk tarihin gidanmu, kuma ni ce mai riƙe da shi, ba a taɓa jin kakata ta ƙona kek ba sai ranar. Baba Wilf ya ci rabonsa da baƙin gefen, ya ce an sami littafi.

Sai dai akwai cikas ɗin da duk mai wannan wasa yake tsoro. Sojojin ba a sake suke ba, a manne suke uku-uku ko huɗu-huɗu a kan 'yan kwalaye, kuma sabon littafin da faɗin kwalin yake auna komai, tafiya da harbi da gwabzawa. Nasu na tsohon littafi ne, sun yi faɗi. Dole a jiƙa su, a ɓamɓare kowane soja, a sake manna shi a sabon kwali. Na Rumawa ba damuwa, koren fenti kawai kakana ya shafa musu. Na Kartaj kuwa matar Baba Wilf ce, marigayiya Doreen, ta yi musu ƙasa. Yashin bakin teku na Filey ta ɗebo a cikin safa lokacin hutunsu, ta haɗa da busasshen ganyen shayi, ta bi kowane kwali da gam da ɗan burushi. Ba ta taɓa buga wasan ba, amma ta ce sojojinsa ba za su tsaya a kan kwali tsirara ba.

Na ce masa a bar nasa haka mana, wa zai kai ƙara? Ya dube ni kamar na ce a tuƙa bas ba burki. Ya ari farantin gashin kakata, ya zuba ruwan ɗumi, ya jera su ciki. Da gam ya saki, ya kankare yashin da wuƙar man shanu, ya tace shi da rariyar shayi, ya shanya a kan jarida. Da shi ya sake yi wa sababbin kwalayen ƙasa, har ya rage, ya barbaɗa wa Rumawan kakana.

Asabar ɗin da aka shirya, muka zaunar da kakana a gaban ƙaramin tebur, aka ba shi katin. Ya karanta a hankali, ya kai ƙarshe, ya juya ya ga babu komai a baya. Ya dubi rundunarsa, ya dubi ta abokinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ina giwayen?"

Baba Wilf ya ce suna hutawa, tafiyar ta yi musu nisa. Kakana ya ajiye katin. Ya ce shi hannunsa ne ya shanye, ba kansa ba, kuma idan tausayinsa aka zo ji, to Hazel, wato ni, ta ɗauko waya, rana ta fito. Baba Wilf ya yi ja har kunnuwa, ya sa hannu a aljihun kwat, ya ciro su ɗaya bayan ɗaya. Ashe bai iya barin su a gida ba.

"To, Sarkin Rum, kai ka nema," in ji shi.

Bai raga masa ba ko kaɗan. Kafin shayinmu ya huce giwayen sun ratsa tsakiyar Rumawa, mahayan Kartaj sun zagayo ta gefe, aka kwashe rukuni na ƙarshe da ake bukata don cin nasara. Yaƙi ya ƙare. Babu mai makulli, babu masu rawa, babu musun da za a yi a shagon kifi. An ci kakana, karo na farko a rayuwarsa, kuma a gaban matarsa. Kakata ta tsaya da butar shayi a hannu.

Kakana ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗauki dayis.

"Sake jera su, mai giwa."

A karo na biyu wata giwa ta firgita ta juya ta bi ta kan 'yan uwanta, kakana ya yi dariya har da tari, kakata tana gaya masa inda ya kamata ya tura doki, yana cewa ta bar shi. Maganar hoto ba ta sake tasowa ba. Suka koma zauren coci, inda suka zama su ne ke gamawa da wuri su zauna suna kushe wasan wasu. Har ƙarshen ransa Baba Wilf yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa tsohon littafin ya fi, wannan na malalata ne, sannan ya jefa dayis.

Kakana ya riga shi tafiya. Baba Wilf ya bi bayansa a sanyin bara. Akwatunan duka suna wurina, tare da hotuna da sauran kayan tarihin gidanmu, kuma kakata ce abokiyar gabata yanzu, ba ta da tausayi. Wata rana da na mai da shi gida a mota, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, ya ɗora mini gwangwanin biskit a cinya kafin ya fita. Na ce zan saya musu kabad mai gilashi. Ya girgiza kai.

"A'a, jikalle. Kada ki kulle su a gilashi. Ki riƙa fito da su ran Asabar su tattake wani, ko da nasu ne."