Tsanin Orval Tackett

A garinsu Orval Tackett, can cikin gonakin masarar jihar Indiana, abu biyu ne ba a wasa da su: coci da ƙwallon kwando. Cocin ma in ya yi karo da ranar wasa, shi ke matsawa.

Orval ya shiga aikin zauren wasa na kwalejin garin yana saurayi da suma, ga shi yau kansa ya zama ƙoƙo. Shi ke goge daɓe, shi ke ɗaura raga a bakin kwando. Amma in ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara tsayuwa ya ce shi ne mai tsani. Kowa ya san al'ada, ƙungiyar da ta ci kofi za a kafa mata tsani, 'yan wasa su hau ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yanki zaren raga ya tafi da shi. Domin wannan rana Orval ya tanadi tsani da almakashi tun shekararsa ta farko. Duk damina sai ya yi wa tsanin fenti. Almakashin kuwa ya sha washi har ya rame, bai taɓa yanka ko zare ba.

Matarsa Lurleen takan ce, "Maigida, ba ni aron tsanin nan in sauke labule mana, ko ya san an halicce shi don wani abu."

"Ba na labule ba ne."

"To na mene ne? Na ado?"

A shekarar da zai yi ritaya, aka karanto sunayen kwalejojin da za su babbar gasa. Gari ya yi tsit gaban talabijin har aka gama, ba a ko yi tari da sunansu ba. Washegari sai ga gayyata daga ƙaramar gasa, wadda ake tara waɗanda aka bari a tasha a ce su ma su ɗan buga kada su yi kuka. Ɗalibai suka sa mata suna gasar share hawaye. Koci Renfro ya karɓa yana yatsina, wai da babu gara ba daɗi. Orval kuwa ko a jikinsa, ya je ya sayo fenti.

Abin mamaki, yaran da suka yi shekara suna jefa ƙwallo kamar masu jifan tsuntsu, sai ga su suna ci. Suka kai wasan ƙarshe, kuma a gida za a buga, ranar Lahadi da rana, da wata kwaleji daga jihar Ohio. Zaure ya cika, har da masu cewa gasar banza ce, su ne ma a sahun gaba.

Akwai doka guda da ko yaron goye ya sani a garin: ba a fito da tsani sai an busa tashi. Ba a ma ambatonsa, wai yana kore nasara. Orval ya fi kowa sani, shi ke koya wa sababbin ma'aikata. Amma da ya ga wasa ya zo gangara, yaransu na gaba da rata mai kauri, sai zuciyarsa ta ce, gwiwar nan taka ba sauri gare ta ba, kada a busa yara su tsaya jira. Ya saɓo tsani, ja wur da sabon fenti, ya jingina a bakin fili.

Wai! Zaure ya ɗauki salati irin nasu. Wata tsohuwa ta miƙe tana ihu, "Orval, ka haukace? Mayar da shi!" Koci Renfro ya waigo, fuskarsa ta fi tsanin ja. "Baba Orval, riga malam masallaci? Ka kashe mu!"

Ko tsanin ne, ko hannun yaran ne ya tuna halinsa na da, oho. Ƙwallo ta ƙi shiga. 'Yan Ohio suka yi ta zurawa kamar masu zuba masara a buhu, aka busa tashi suna gaba da maki ɗaya.

Mutane suka watse ba mai kallon inda yake. Lurleen ce kaɗai ta zauna tana jiransa.

Kocin baƙi ya matso yana share gumi. "Baba, don Allah ko za mu samu tsani?"

Yana iya cewa na labule ne. Yana iya cewa fentin bai bushe ba. Ya dubi ragar da ya ɗaura da hannunsa da safen nan, ransa ya ɓaci ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ja tsanin zuwa ƙarƙashin kwando, ya zaro almakashi daga aljihu, ya miƙa ta wajen mariƙi.

Yaran Ohio suka hau ɗaya bayan ɗaya suna shewa, Orval ya riƙe ƙafar tsani da hannu biyu, ko motsi bai yi ba. Da na ƙarshensu ya sauko, ya mayar masa da almakashi yana dariya.

"Kai, Baba, wannan abu da kaifi yake! Kullum kuke yanka raga a nan, ko?"

Orval ya goge almakashin a rigarsa. Ya ce, "Yau ne farko."