Takun Mai Kumfa

Ranar Litinin, huɗu ga watan Afrilu na shekarar da aka haɗe kamfanin wuta da kamfanin gas, ƙarfe tara da kwata na safe, Mai Kumfa ya fara shiga ɗakin ajiyar takardu. Ya shigo rungume da kwali, ya dire shi a kan teburin akawun ɗakin, ya ce an ce ya kawo.

Akawu bai taɓa ganinsa ba. Da ya ɗago kai sai ya ga dattijo gajere, kakkaura, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, jikinsa yana ƙamshin sabulu. Littattafan rubutu ne a kwalin, guda goma sha ɗaya, bangonsu duk ya yi laushi don shan gumin aljihu.

"Baba, mene ne a ciki?" in ji akawu.

"Garin nan ne gaba ɗayansa, amma ta ƙarƙashi."

Akawu ya buɗe ɗaya. Kowane layi iri ɗaya ne: daga katangar makaranta, taku kaza. Daga gindin tankin ruwa, taku kaza. Ya manna wa kowane littafi lamba, ya shigar da su a rajista, ya buga hatimi, ya ba dattijon takardar shaidar karɓa. Bai tambayi takun wa ake nufi ba. Daga baya ya sha faɗin cewa a duk shekarun aikinsa babu tambayar da ya yi nadamar rashin yi kamar wannan.

Kamfanin gas ya fara ne da rumfar kwano ɗaya da motar kaya ɗaya, masu saye kuma gidajen burodi uku ne da asibiti. Mai Kumfa ya shiga yana ɗan shekara goma sha tara, a matsayin mai haƙa rami. A shekararsa ta uku bututun ƙarfe ya suɓuto daga mota ya danne masa ƙafar hagu. Ƙafar ta warke, amma ta warke a gajarce. Manajan wancan lokaci bai sallame shi ba. Ya ba shi gorar ruwan sabulu da buroshi, ya ce ya riƙa bin layi yana shafa wa kowane haɗin bututu, inda kumfa ta taso nan gas yake fita. Daga nan sunan ya bi shi, har na gaskiyar ya koma sai a takardun ofis.

A lokacin tef ɗin awo guda ɗaya ne a duk kamfanin, kuma a aljihun manaja yake kwana. Saboda haka duk sa'ad da aka shimfiɗa sabon bututu, kafin a rufe ramin, Mai Kumfa zai nemi wani abu da ba ya gusawa, katanga ko tanki, ya tako daga can zuwa bakin ramin yana ƙirgawa, ya rubuta. Haka ya yi shekara talatin da ɗaya. Kamfani ya girma, gidaje dubbai suka shiga, aka bar bututun ƙarfe aka koma na roba mai launin rawaya, shi dai yana takawa yana rubutawa.

Mutanen gas kowa ya san takunsa uku mita biyu ne. Babu wanda ya rubuta hakan, don babu wanda bai sani ba. Babu kuma mai faɗa a gabansa, domin zancen ƙafar nan shi ne abu ɗaya da ba ya ɗauka. Ya taɓa yin shekara guda cur bai gaisa da ƙanin matarsa ba, don kawai ya ce masa ya zauna ya huta wa ƙafar.

Da aka haɗe kamfanonin, mutanen wuta sun ninka na gas sau biyar. Tsofaffin ma'aikatan gas suka yi ritaya ɗaya bayan ɗaya. Aka ba wasu ƙwararru daga waje littattafan su mayar da su taswira a kwamfuta, su kuma suka ɗauki kowane taku a matsayin mita ɗaya, suka gama aikinsu tsaf, suka tafi. Mai Kumfa aka mai da shi sito, yana raba hular kwano da safar hannu.

Bayan shekara huɗu, ranar Lahadi, sha takwas ga Oktoba, da la'asar, shi da matarsa suka je gidan babbar 'yarsu, wadda take zaune da mijinta da 'ya'ya uku a layin bayan makaranta. Tun daga kwanar layin ya ga katafila a ajiye, ga kuma farin fenti an ja a ƙasa, ya bi ta ƙofar gidan 'yar ya wuce. 'Yar ta ce kebul ɗin wuta za a binne, gobe ƙarfe takwas za a fara haƙa.

Bai shiga gidan ba. Ya je ya jingina bayansa da katangar makaranta, ya fara takowa.

"Kai dai, Malam, ko gidan suruki ka zo sai ka ƙirga," in ji matar.

A taku na ashirin da ɗaya ƙafarsa ta sauka a kan fentin. Shi da kansa ya tsaya a nan shekara goma sha shida da suka wuce aka shimfiɗa babban bututun da yake ba unguwar gas. Na roba ne, na'urar neman ƙarfe ba ta jinsa.

Ya kira lambar gaggawa ta kamfani. Wata murya mai ladabi ta ce ya ɗan jira, ta duba kwamfuta, ta dawo. "Baba, kwantar da hankalinka. Bututun yana mita ashirin da ɗaya daga katanga, ramin kuma a mita goma sha huɗu za a yi shi. Akwai tazarar mita bakwai."

Nan take ya gane abin da aka yi wa littattafansa. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya tuna zancen ƙafarsa ne, ya fasa. Ya ce ya gode, ya kashe wayar.

A hanyar komawa gida, da suka kusa ƙofa, matar ta ce, "Ka gaya musu ƙafarka ce?"

Ya ci gaba da tafiya, ita kuma ta ci gaba da magana.

"Shekara talatin da biyar ina tafiya a gefenka ina rage sauri, ban taɓa ce maka uffan ba. Yau zan ce. Ƙafarka gajera ce, kowa yana gani, ba wanda ya fasa girmama ka saboda ita. 'Yarka da jikokinka ne a layin nan. Gobe ka buɗe baki ka faɗa."

Ƙarfe bakwai na safe yana ƙofar ɗakin ajiyar takardu. Akawu ya iso bakwai da rabi daidai, kamar kullum, ya rataye jakarsa, ya saurare shi. Ya ɗauko littafi na bakwai, ya buɗe shafi na arba'in da uku.

"Ashirin da ɗaya ka rubuta, Baba. Taswira ma ashirin da ɗaya ta ce. Ina matsalar?"

Mai Kumfa ya dubi ƙasa. "Takuna ne. Ba na mai lafiyar ƙafa ba ne. Uku nawa, mita biyu."

Akawu ya ɗauki fensir ya yi lissafi a gefen takarda, ya ga goma sha huɗu. Ya cire tabarau ya ajiye. Shi ne ya buga wa takardar izinin haƙan hatimi ranar Juma'a. Ya kira injiniyar aikin sau uku, ba ta ɗaga ba.

Dokar ɗakin ita ce littafi ba ya fita sai an rubuta wanda ya ara. Akawu ya jawo rajista, ya rubuta kwanan wata da lokaci, ya rubuta sunansa a gurbin mai ara, ya sa hannu a gurbin mai bayarwa.

"Malam akawu, gas fa ba ya jiran rajista!"

"Na gama. Mu je."

Suka tari mota suka isa takwas da minti shida. Katafila tana ruri, direban ya riga ya ɗaga cokalinta na haƙa. Mai Kumfa bai yi sallama da kowa ba, ya wuce ya tsaya a kan fentin, daidai ƙarƙashin haƙoran ƙarfen.

Direban ya leƙo. "Baba Kumfa, safar hannu ka biyo mu da ita? Matsa mana, kada in kwashe ka in kai ka sito kyauta!"

Injiniyar ta taho da sauri, matashiya ce daga ɓangaren wuta, taswira a hannunta. Ta san shi, shi yake ba ta hula. Ta saurare shi, ta dubi littafin, ta girgiza kai.

"Baba, ina ganin girmanka. Amma littafinka da taswirata abu ɗaya suke faɗa. Ko na yarda takunka gajere ne yau, ta yaya zan san haka yake shekara goma sha shida baya? Kowa takunsa yana raguwa da tsufa. Ga mutum goma sha biyu suna jirana, an kuma ɗauke wa unguwa uku wuta don aikin nan."

Akawu ya sa yatsa a layin da ke ƙasa. "Injiniya, ga wani awon na rana ɗaya, da biro ɗaya. Murfin makullin bututu, taku tara daga kusurwar katanga. Wannan a fili yake, ga shi can. Taswirarki me ta ce?"

"Mita tara."

"A ja tef."

Aka ja. Mita shida.

Injiniyar ta sa aka sake ja. Mita shida ne dai. Ta juyo wajen Mai Kumfa, ta sassauta murya. "Baba, za ka taka mana mu gani?"

Layin ya cika da mutane, mata a bakin ƙofofi, ma'aikata sun jingina da shebur. 'Yarsa tana tsaye da goyo. Shekara talatin da biyar yana kauce wa a kalli tafiyarsa. Ya miƙa wa akawu hularsa, ya je kusurwar katangar, ya tako. Ƙafar dama ta miƙe, ta hagu ta biyo a gajarce, kafaɗa tana sauka tana tashi. Direban ne ya fara ƙirgawa da ƙarfi don tsokana, sai sauran suka kama. A na tara ƙafarsa ta sauka a tsakiyar murfin, ƙarfen ya yi ƙara. Babu wanda ya yi dariya.

"Kashe injin," in ji injiniya. "A kawo shebur. Da hannu za a tona, a hankali, kuma kada wanda ya kunna ko ashana."

Suka tona. Mai Kumfa ya zauna a bakin ramin, yana gaya musu inda ƙasar za ta sauya launi. Tara saura minti biyu bakin shebur ya goge wani abu mai santsi. Mai haƙan ya ajiye shebur ya share da tafin hannu, sai ga rawaya ta bayyana, kauri kamar cinyar mutum, kwance daidai ƙarƙashin farin fentin, zurfinta bai kai mita ɗaya ba.

Direban ya sauko daga katafila, ya leƙa ramin, ya koma ya zauna a kan taya. Can ya ce, "Baba, cokali ɗaya ne ya rage. Wallahi ɗaya."

"Ai da ka kai ni sito kyauta," in ji Mai Kumfa. Sai a lokacin mutane suka fashe da dariya, irin dariyar da take fitowa bayan an sauke numfashi. 'Yar ta shiga gida ta fito da ruwa a babban kwano, aka riƙa miƙa wa juna. Shi kuwa ya ciro 'yar gorarsa ta sabulu, wadda bai daina yawo da ita ba, ya sa aka shafa a inda shebur ya goga. Suka zuba ido. Kumfa ba ta taso ba.

Injiniyar ta tsuguna kusa da shi. "Baba, littattafan nan nawa ne?"

"Goma sha ɗaya."

"Duka da wannan takun?"

"Ƙafa ɗaya gare ni irinta, 'yata."

A ranar aka dakatar da duk wani haƙa da inji a garin. Awo dubu biyu da ɗari uku da goma sha huɗu ne a littattafan. Aka ɗauke Mai Kumfa daga sito, aka ba shi mota da direba, shi da injiniyar suka bi su unguwa unguwa na tsawon wata biyar, akawu yana gyara taswira daga abin da suka kawo kowace yamma. Wuri goma sha tara ne kawai suka ƙi daidaita, duka kuma don an rushe katangar da aka auna daga gare ta. A bangon ciki na kowane littafi akawu ya rubuta da jan biro: taku uku, mita biyu. Ya sa kwanan wata. Ya kuma mayar da littafi na bakwai a rajista, ya karɓa daga hannun kansa.

Mai Kumfa ya yi ritaya ranar talatin ga Yuni na shekarar da ta biyo baya. Yana zaune da matarsa a gidansu, ya soma riƙe sanda, ba ya kuma hana kowa tambayarsa yadda ƙafar ta kwana. Kebul ɗin wutar ya bi ta ɗaya gefen layin bayan makaranta. 'Yarsa tana nan a gidanta, da gas ɗin bututun nan take girki.