Laure, Matar da Ɗana Ya Fi So

Kafin mutane su watse daga sallar asuba a unguwar Tahaggart ta garin Tamanrasset, Yaya Laure ta riga ta ɗora tukunyar shinkafa da wake. Samari masu aikin gini su ne baƙinta na farko, 'yan Damagaram da 'yan Maradi, hannuwansu duk sun tsage da siminti da sanyin garin nan. Su ci, su wuce wurin aiki. Sai ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, kowace a daidai inda take jiya, ta kashe rediyo. Daga nan baƙinta na gaske ke fara isowa, iyayensu mata riƙe da hannunsu. Wannan ya toshe kunnuwa, waccan tana kaɗa yatsu a gaban idonta, wancan ba ya shiga sai ya shafa katanga tukuna. Dogon nan kuwa da ke fizge hannunsa daga na uwarsa tun a kan kwana ya ruga ciki, ɗana ne.

Ni ce uwar da ake fizge wa hannu. Sunana Rakiyatu, matar Baƙo mai shagon atamfa a kasuwa. Jinjina na zo yi wa Yaya Laure, don gwiwoyinta sun gaji, ɗanta ya aiko a mayar da ita Damagaram ta huta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ina kishin matar nan. Ban taɓa yin kishin kowa a kan Baƙo ba, sai ga shi ina yi a kan yaron da na haifa da cikina.

Tahiru shi ne ɗana na fari. Da yake ƙarami ba ya kallon idon kowa, har surukata tana yabonsa, wai ga yaro mai kunya tun yana goye. Da ya kai shekarun magana bai yi ba, sai yabon ya koma tsegumi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne. Mun sha rubutu, mun sha hayaƙi. Wata likita a asibiti ce ta ce mana sunan abin otisim: yaron yana ji, yana gani, yana da hankalinsa, amma duniya tana shigar masa ta wata hanya dabam, kuma ba allura ce maganinsa ba, haƙuri ne da sabo. Na dawo gida da sunan lalurar, ban dawo da dabarar zama da ita ba.

Yaya Laure ba ta san wannan suna ba a lokacin, amma ta san abin. Ƙanenta a ƙauye haka yake, a ɗaure ya girma a jikin turke, a ɗaure kuma ya rasu. Da ta zo Tamanrasset a farkon shekarun casa'in tana tuwon sayarwa, sai ta lura akwai gidajen 'yan Nijar da ake jin ihun yaro a bayan ƙofa amma ba a taɓa ganin yaron ba. Ta fara shiga gida gida tana cewa, “Ku ba ni aron shi da hantsi, ku samu ku yi wanki.” Kowa na iya ƙin a taimake shi, amma wa zai hana aro?

Da yaran suka yi yawa, abin ci da wurin zama suka gagara, sai ta fito da kwanon Alhamis. Babban kwanon sha ne na silba. Duk Alhamis takan ɗora shi a ka, ba komai a ciki, ta bi layin shagunan mutanenmu. Ba ta roƙo. Ta yi sallama, ta ajiye kwanon a bakin shago, ta shiga gaisuwa, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi mutanen ƙauye har da waɗanda mai shagon ya manta da su. Mai shago ya ga kwano ya buɗe baki a gabansa, ga maƙwabta suna kallo, dole ya zuba wani abu, ko taliya ko sukari ko sabulu. Baƙo yakan ce, “Wallahi gara dowan, wato kwastan, ta tsaya maka a ƙofa da kwanon Laure.” Yana faɗa yana zubawa.

Mahamane magini ya ba ni labarin yadda ɗakin yaran ya tashi. Wata Juma'a samarin sun zo cin abinci, sai ta ce yau babu na sayarwa, na gayya ne. Suka ci suka ƙoshi, sannan ta nuna musu filin da ke bayan murhu. “Mun riga mun haɗiye, ta ina za mu ce a'a?” in ji shi. Juma'a bayan Juma'a suka riƙa zuwa bayan masallaci, wannan da guntun bulo da aka bar masa, wancan da ragowar kwano, har ɗaki ya tsaya. Wata tsohuwa Buzuwa da jikarta ke zuwa wurin ita ma ba a bar ta a baya ba, duk motar da ta taso daga ƙauyen Hirafok sai an sauke albasa da tumatir daga lambun danginta.

Duk wannan na yaba, ban ji komai a raina ba. Inda kishin yake dabam ne. In Tahiru yana son ruwa, wuyan hannun Yaya Laure yake kamawa ya ja ta har bakin randa. In kansa ya yi zafi, a bayanta yake ɓoye fuska. Ni da na yi ta wanke masa kashi har ya yi tsawo, in na miƙa masa kofi sai na ajiye a ƙasa kafin ya ɗauka. Ɗana inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Na taɓa cewa wata ƙawata ai ba mamaki, ita ba ta kwana da shi. Na taɓa cewa wakenta ya cika kanwa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni dai na zuba wa gonar Yaya Laure taki ba kaɗan ba.

Tahiru yana da wata ɗabi'a mai ban tsoro. In ya ji ƙugin babbar mota, wadda muke ce wa kamyo, sai ya miƙe ya nufi titi, bai san hatsari ba. Ni kuwa kamar kowace mace a garinmu, ba na kama sunan ɗan fari. Haka uwata ta yi da yayana, haka kakata ta yi. “Kai” nake ce masa, ko “yaron nan”, kuma bai taɓa ɗauka da shi ake ba. Yaya Laure ce kaɗai in ta ce “Tahiru”, a hankali ba da tsawa ba, yake tsayawa cak. Shekara da shekaru muryarta ce ke tsakaninsa da tayar mota. Yanzu ga shi ya kusa kai tsayin ubansa, ba na iya riƙe shi da ƙarfi, ita kuma za ta tafi.

Da maganar tafiyar ta tabbata, ta zaunar da ni a bakin murhu.

“Ƙanwata, in na tafi wa zai kira shi?”

Na ce, “Ubansa yana nan.”

“Ubansa na kasuwa. Kuma shi ma ‘kai’ yake ce mishi.”

“Haba Yaya, ɗan fari ne fa. Mi mutane za su ce?”

Ta ce, “Mutanen ne za su tare miki kamyo? Kunya ado ce, ban ce ba. Amma yaron ga bai san kina jin kunyarshi ba, shi dai ya san ba ki kiran shi.”

Na tashi da fushi. Na ce a raina, ta ƙwace yaron bai ishe ta ba, sai ta koya mini zama uwa.

Ranar Alhamis da ta wuce, muna tsaye a ƙofar gidanta da mata, surukata ma tana nan ta zo yi mata ban kwana. Wata babbar mota mai ɗauke da siminti ta shigo layin. Tahiru ya miƙe ya nufe ta. Na juya wurin Yaya Laure yadda na saba, sai na ga ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta danne leɓe. Idonta cike da hawaye, amma ba ta buɗe baki ba. Na ƙwala, “Kai! Kai!” Bai ko waiwayo ba. Ta ce da ni ƙasa ƙasa, “Sunanshi. Kuma a hankali.”

A gaban surukata, a gaban matan layi duka, na ce, “Tahiru.”

Ya tsaya. Motar ta wuce ta gabansa, iskarta tana kaɗa masa riga. Daga baya Mahamane ya gaya mini shi ne a gefen direban, da shirinsu aka zo, ƙafar direba na kan birki tun daga kwana. Ni a lokacin ban san haka ba. Tahiru ya juyo, ya dubi inda muryar ta fito, ya taho. Ya wuce ni, ya je ya kama wuyan hannun Yaya Laure. Da muka koma gida, surukata ta ce da ni, “Ki riƙa kiran shi.”

Ke ce, Yaya Laure, kika kwance yaran da aka ɗaure ba tare da kin kunyata iyayensu ba. Ke ce kika sa 'yan kasuwa da 'yan ga-ruwa da magina suka ɗauki nauyin yaran da ba za su taɓa ce musu sannu ba. Uwar marasa baki, Allah ya huta gajiyarki, ya sauke ki Damagaram lafiya, ya jiƙan ƙanenki da kika gani a fuskar kowane yaro a cikinsu. Na gode, kuma har yanzu ina kishinki, ba zan yi miki ƙarya a ranar rabuwa ba.

Ku kuma mutanenmu na Tamanrasset, ɗakin nan kada ya koma wurin ajiye gawayi. Mata sun raba ranaku a tsakaninsu, ana neman ƙari. In an yi sallama da kwanon Alhamis a shagonka, kada ka jira sai maƙwabta suna kallo. Wanda ke da irin yaron nan a bayan ƙofa, ya fito da shi, ba abin kunya ba ne.

Jibi motarta za ta kama hanyar garin In Gezzam na bakin iyaka, kuma ba wanda ya san yadda zai gaya wa Tahiru. Jiya da la'asar na sake kiransa a tsakar gida, mu biyu kaɗai. Bai zo wurina ba tukuna, amma ya tsaya, ya jira ya ji abin da zan ce.