Ranar da Aishatu Ta Karya Dokar Turanci

Ko da na yi ritaya, ban taɓa mantawa da ranar da na je duba Aishatu a wata makarantar kuɗi a Tunga ba. Lokacin ina babban malami a kwalejin horon malamai. Ga wanda bai san aikinmu ba, ɗalibin shekarar ƙarshe sai an tura shi ya koyar, mu kuma mu zauna a bayan aji mu ba shi maki. Wanda ya faɗi, sai baɗi. Aishatu 'yar Bida ce, ta riga ta maimaita sau ɗaya, mahaifinta kuma ya ce daga wannan ba ƙari.

Darasin ranar shi ne ƙananan kalmomin nan na Turanci masu bin bayan suna, a ce reason for, ba reason of ba. Ta yi ta bayani da Turanci, tana tambaya ko sun gane, yara na amsawa baki ɗaya sun gane. Ta ba su gwaji a allo, suka zuba shirme. Makarantar kuwa ta hana yaren gida, ko malami ba a ɗaga masa ƙafa.

Ta dube ni, ta dubi yaran, ta ajiye alli. Sai ta juya Hausa: “Kowane suna da abokin tafiyarsa, kamar shayi da burodi. Ku haddace su tare, kar ku raba.” Ta maimaita da Nufanci saboda 'yan layin baya. Nan take hannaye suka tashi. Wallahi daɗi ya kama ni, amma na tsuke fuska.

Ashe shugaban makarantar yana bakin taga. Ya kira mu ofis, ya fara da Turanci, da ransa ya ɓaci sai ya ɓarke da Hausarsa ta kasuwa: “Malam, Turanci iyaye suka biya. Wannan yarinya ya karya doka, ka kayar da shi.”

Aishatu na tsaye, ido ya cika da ƙwalla. Na ce, “Ranka ya daɗe, na ji ka sarai. Amma da ka so in gane da kyau, me ya sa ka bar Turancin?”

Sai ya yi dariya, ya ce a kawo mana ruwan sanyi.

Na ba ta makin da ta cancanta, shi kuma da ta gama kwaleji ya ɗauke ta aiki. Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: “mun gane” a bakin yaro ladabi ne, ba shaida ba, kuma malamin kirki ya fi tsoron yara su tashi a duhu a kan tsoron mai duba shi. Aishatu ta ce min dokar tana nan a manne a bango har yau, sai dai shugaban ya daina bi ta bakin tagarta.