Turmin Hajo da Kiran Rana Tsaka

Malam Mika'ilu na Ƙofar Kibo ya ƙarar da ƙarfinsa wajen koyar da adabin Turanci a sakandare. Ɗalibansa sun zama manya, amma tun da ya yi ritaya babu wanda ya leƙo zaurensa. Su ne kuma yanzu ke yawo da cewa karatu ne ya taɓa shi. Ko kunya babu.

Kalma ɗaya ya ɗora wa ransa, "call", wato kira. Ya bi tsofaffin littattafan Turawa kaf yana duba yadda suka yi aiki da ita. Abin da ya gano kuwa, duk wanda ya tsaya sai ya sha labarinsa: a littattafan nan uwa kan kira ɗanta daga ƙetaren teku ya ji, matacce kan kira mai rai, kuma ba a taɓa kiran mutum ya yi shiru ba. Kowa amsawa yake, ya tashi ya tafi.

"Su ke nan, Yaya," in ji ƙanwarsa Hajo, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. "Mu nan ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba. Balle da rana tsaka."

"Camfi! A kira mutum ya yi banza, wannan rashin ladabi ne."

Sai matarsa Radiya ta rasu. Ba a daɗe da share makoki ba, wata rana inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, Hajo na tsintar shinkafa ta ji an ce, "Mika'ilu." Daga bayan gida ne, wajen da tsohuwar ganuwa ta zube. Muryar Radiya ce sak, har da 'yar dishewar nan tata.

Malam ya ɗago kai daga littafi. "Kin ji?"

"Ban ji komai ba."

"Ƙarya kike, Hajo."

"To na ji! Amma tun da kake da Radiya, ka taɓa jin ta kama sunanka? Malam take ce maka har ta bar duniya. Wannan ba ita ba ce. Ka rufe bakinka, don Allah."

Bai amsa kiran ba, amma Hajo ta ga leɓensa na motsi, ta kuma san gobe ba lalle ya iya daurewa ba. Shi kaɗai ya rage mata. Don haka kullum rana na kusa da take tsaka sai ta jawo turmi bakin ɗakinsa ta hau daka har a kira azahar. Gero, barkono, kuka, in babu komai ta daka turmin haka nan. Kunnensa ya ɗan yi nauyi, ƙarar taɓarya na danne kiran. Ita ce ke jin sa tsakanin bugu da bugu.

Ranar da maƙwabciyarsu Sailuba ta shigo aron turmi, surukarta ta haihu za a yi suna, Hajo ta rasa ta cewa. Wa ke hana aron turmi ranar suna? In ta faɗi dalili kuwa, kafin la'asar unguwa ta ɗauka akwai aljanu a gidan Malam. Ta bayar.

Da rana ta take tsaka ta buga tasa, ta buga murfin tukunya, ta ware muryar rediyo. Kiran ya ratso ta tsakiyarsu kamar a bakin ƙofa ake yin sa.

"Na'am," in ji Malam, a hankali, cikin ladabi.

Bai faɗi ba, bai yi ihu ba. Yana nan har yau, yana cin tuwo, yana salla. Likita ya duba ya ce kunnen bai ƙara lalacewa ba. Amma daga ranar, ko Hajo ta tsaya gabansa ta ce Yaya har muryarta ta dishe, ba ya juyowa, sai ta dafa kafaɗarsa. Rana na take tsaka kuwa yakan juya kujerarsa ta fuskanci bayan gida, ya karkata kai, yana gyaɗawa a hankali.